GARAJE BA ƘARFI BA NE: ABIN YI IDAN NOTIN BAMBA YA KARYE

(Jawabin da aka gabatar a zaman matasa masu koyon sana'a, yayin taron ƙungiya na shekara-shekara)

 

An nemi in yi magana a kan aikin hannu, ni kuwa na zaɓi wani ƙaramin abu da kan zubar da girman babban makaniki a gaban mai mota, wato notin da ya karye wajen kwance bamba.

Bamba ita ce mai shan ruwan damina da laka, don haka tsatsa kan cika zaren notinta, ta kumbura, ta riƙe shi kam. Yaro ya ji sifana ta ƙi motsi, sai ya zura mata bututu ya hau da ƙarfinsa. Nan take kan noti ya biyo sifana, gindi ya zauna a rami. Magani na farko shi ne rigakafi: a goge tsatsar da burushin waya, a zuba man kwance tsatsa ko kananzir, a ba shi lokaci ya ratsa. A ɗan bubbuga kan da guduma, sannan a riƙa juyawa gaba da baya sannu a hankali. A kuma ɗauki sifana daidai da kan: motocin Japan sun fi amfani da 10, 12 da 14, na Turai kuwa 13 da 17.

To, idan mai afkuwa ta afku, a tsaya a duba. In guntun ya leƙo waje, a ɗora masa macen noti, mai walda ya cike raminta ya haɗe su. Zafin waldar kansa yakan farfasa tsatsa. Bayan ya ɗan huce sai a kwance da sifana. Amma kafin a kunna injin walda, wajibi ne a cire batir, domin motocin yanzu suna da kwamfuta. A kuma tuna cewa bambar yau roba ce a waje, ba irin ta Fijo 504 ba, kuma a motoci da yawa akwai na'urar tayar da jakar iska a bayanta. Wuta ba ta shiri da waɗannan.

In kuwa ya karye a cikin rami, sai a huda. A fara buga alama da tsinken ƙarfe a tsakiyarsa daidai, a soma da siririn bakin huda, a riƙa ƙara girma. Baki mai juyin hagu ya fi, domin sau da yawa yakan kamo guntun ya fito da shi. Ina gargaɗinku game da ƙarfen zaro guntu: yana da tauri ƙwarai amma ba ya lanƙwasa, in ya karye a ciki, bakin huda na yau da kullum ba zai ci shi ba. Idan zaren rami ya lalace, a sake yanka shi. Noti mai kaurin milimita 8 yana buƙatar ramin milimita 6.8.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarshen aiki. Wasu kan ɗaure bamba da waya, ko su liƙe ta da walda, su karɓi kuɗi su yi shiru. Wannan cin amana ne, domin bambar da ta faɗi a kan titi tana iya kashe mai babur da ke biye. A sa sabon noti mai ƙarfin na asali. Lambar da ke kansa, kamar 8.8 ko 10.9, ita ke nuna ƙarfinsa. A shafa wa zarensa ɗan giris saboda wanda zai kwance gobe.

Ƙannena, in noti ya karye a hannunku, ku gaya wa maigidanku, shi kuma ya gaya wa mai mota. Noti ana sayensa a kasuwa, amana kuwa ba a sayar da ita ko'ina.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu.