Lafiyar Ma'aikaci a Gaɓar Kainji: Wa Ke Biyan Kuɗin Magani?



Akwai wani yayi da ya shigo ma'aikatu da manyan kamfanoni. A ware rana guda, a raba riguna, a yi tattaki da sassafe, a auna hawan jini da sukari, likita ya yi jawabi, a watse. Daga Amurka aka kwaso shi, inda kamfani ne ke biya wa yawancin ma'aikata inshorar lafiya, don haka ciwon ma'aikaci asarar mai kamfani ce. A 2010 wasu masana na Jami'ar Harvard suka ce duk dala ɗaya da aka kashe a irin wannan shiri tana rage fiye da dala 3 daga kuɗin magani. Kamfanoni suka yi ca a kai.

Sai aka zo aka gwada abin da kyau, aka raba ma'aikata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a Jami'ar Illinois da mutum kusan 5,000, da kuma kamfanin BJ's Wholesale Club da kusan 33,000. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna kuɗin asibiti bai ragu ba, fashin aiki ma haka. Masu binciken Illinois sun gano abin da ya ruɗi masanan farko: waɗanda ke rububin shiga shirin da ma su ne masu ƙoshin lafiya. Kowa ya san rigakafi ya fi magani, amma ba duk abin da aka kira rigakafi ba ne yake hana ciwo.

To, idan haka abin yake a can, mu fa? A Yauri da Ngaski da Shanga masu albashi 'yan tsiraru ne. Babbar ma'aikatarmu ita ce tafkin nan da ya samu bayan kammala madatsar Kainji a 1968, wanda ya tashi mutane kimanin 44,000 daga matsugunansu. Ma'aikatan su ne Sarkawa da Gungawa masu jan taru, da matan da ke wuni a bakin banda suna shaƙar hayaƙi, da manoman albasa da shinkafa masu feshi ba safa ba takunkumi, da samarin da ke haƙar zinariya suna murza zaiba da hannu. Ba a manta da yaran Zamfara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 sanadiyyar haƙar zinariya ba. Masunci bai rasa motsa jiki ba, balle a ce masa ya fito tattaki. Abin da ke cin sa tsargiya ce, wadda ƙwayarta ke fita daga dodon-koɗi ta ratsa fatar mai aiki cikin ruwa, har wasu iyaye na ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar girman yaro. Ga kuma zazzaɓin cizon sauro: binciken ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Jihar Kebbi, fiye da kowace jiha.

Wa ke biya? A Nijeriya sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin kiwon lafiya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fita. Idan masunci ya kwanta, asararsa uku ce a lokaci guda: kuɗin magani, kuɗin mota idan an tura shi Birnin Kebbi ko Sakkwato, da kwanakin da kwalekwale ya yi a ɗaure. Daga nan sai cin bashi wurin dillali, ko a sayar da injin da ake ci da shi.

Dokoki kam ba a rasa su ba. Ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata biyan kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi ga asusun diyya na NSITF. Ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, kuma jiharmu tana da tata hukumar inshorar lafiya, KECHEMA. Sai dai galibi an gina su ne bisa albashin wata, wanda mutumin gungu ba ya da shi.

Ni a ganina, kuɗin da za a kashe wajen buga riguna gara a saya wa masu jiragen ruwa rigunan kariya da shi; mutanen Wara sun san haɗarin jirgin ruwan da ya faru a watan Mayun 2021, ba sai na maimaita ba. Kada kuma a auna jinin malamin makaranta a ce ya hau, a sallame shi ba maganin wata ɗaya a hannu. Wannan ƙara masa damuwa ne kawai. Su kuma ƙungiyoyin masunta da na manoma, waɗanda sun saba da adashi, shugabannin ƙananan hukumomin uku su zauna da su da Sarakunan Ruwa da KECHEMA, a amince su riƙa biyan kuɗin inshora sau ɗaya a shekara, lokacin da kifi ya yi albarka ko aka cire albasa.