JAWABIN KWAMITIN ILIMI A TARON IYAYE: ABIN DA MUKA GANI A FIM ƊIN "MEAN GIRLS"

 

A zaman da ya gabata wasu daga cikin iyayenmu mata suka kawo kuka cewa akwai wani fim na Turawa da 'yan matanmu na sakandare suka ɗora wa ƙauna, suna kallonsa a waya, har suna kiran juna da sunayen 'yan wasan ciki. Aka umarci wannan kwamiti ya duba ya kawo bayani. To mun zauna mun kalle shi daga farko har ƙarshe, wasunmu har sau biyu, ga kuma abin da muka samu.

Sunan fim ɗin Mean Girls, wato miyagun 'yan mata. A Amurka aka yi shi, ya fito a shekarar 2004. Wata mata mai wasan barkwanci da ake kira Tina Fey ita ta tsara labarin, Mark Waters ya ba da umarni. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne asalinsa: daga littafin nasiha ga iyaye aka ciro shi, mai suna Queen Bees and Wannabes, wanda Rosalind Wiseman ta wallafa a 2002 a kan yadda 'yan mata ke raba kansu ƙungiya-ƙungiya a makaranta suna cutar juna. An sake yin sa a matsayin wasan dandamali na waƙe-waƙe, sannan a 2024 aka fitar da sabon fim. Mu na 2004 muka duba, domin shi ne ke yawo a hannun yaranmu.

Labarin na wata yarinya ce Baturiya 'yar shekara 16, sunanta Cady. Iyayenta masu binciken dabbobi ne, sun shekara 12 a Afirka, a gida suke koya mata karatu, ba ta taɓa zama a aji ba. Da suka koma gida aka sa ta a wata sakandare a Evanston, kusa da birnin Shikago. A nan sai mun tsaya mun ce masu fim ɗin ba su yi wa Afirka adalci ba, don ko sunan ƙasa ɗaya ba su ambata ba, kamar duk nahiyar ƙauye guda ce cike da zakuna. Amma akwai wurin da muka yi dariya sosai: da aka ce ga sabuwar ɗaliba daga Afirka, sai malama ta juya ta yi wa wata baƙar fata maraba, alhali ita wannan 'yar Amurka ce haifaffiya. Duk wanda aka taɓa kiransa "aboki" a tashar mota ba a tambayi sunansa ba, ai ya san wannan.

Ranar farko yarinyar nan ba ta samu wanda za ta zauna da shi ba, sai a makewayi ta ci abincinta. Jama'a, a nan dariyarmu ta tsaya. Baƙo ko da ido makaho ne. 'Yarmu da ta taso a Sabo, ta yi allo da Islamiyya cikin 'yan uwanta, ran nan aka kai ta makarantar gwamnati inda kowa ke Yarabanci ko broka, ga hijabinta, ga Turancinta bai zauna ba, wa ya taɓa tambayarta da wa ta ci abincin tara? Balle wadda aka ɗauko daga Arewa shekaran jiya aka ba goggonta riƙo.

Daga baya Cady ta samu abokai biyu waɗanda su ma ba a yi da su, Janis da Damian. Sai kuma wasu 'yan mata uku masu ji da kansu, waɗanda ake wa laƙabi da 'yan roba, suka jawo ta jikinsu. Shugabarsu Regina, 'yar masu kuɗi, kyakkyawa, kowa na tsoronta kuma kowa na son ta kula shi. Suna da dokoki: ran Laraba sai tufafi masu ruwan hoda, wando iri kaza sai ran Juma'a, wadda ta saɓa ba za ta zauna teburinsu ba. Suna kuma da wani littafi da suke manna hotunan ɗalibai suna rubuta zagi da ƙazafi a ƙarƙashi.

Janis tana da tsohuwar gaba da Regina, don haka ta zuga Cady ta shiga cikinsu ta riƙa kawo rahoto. Da farko Cady ta yi ɗari-ɗari, amma da Regina ta yaudare ta a kan wani yaro, sai ta shiga da ƙarfinta. Ta ba Regina wani abinci tana cewa na rage ƙiba ne, alhali na ƙara ƙiba ne. Ta raba ta da saurayinta, ta raba ta da ƙawayenta biyu, har ta hau kujerarta. To a nan ne fim ɗin ya nuna gwaninta, domin kafin ta ankara ta zama abin da ta shiga rusawa: gulma, kallon madubi, yi wa iyaye ƙarya, watsar da abokan farko. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Abin da ya fi ƙona mana rai, mu 'yan kwamitin ilimi, shi ne maganar lissafi. Yarinyar nan gwana ce ƙwarai, amma da gangan ta riƙa faɗuwa jarrabawa don yaron nan ya ɗauka ya fi ta sani ya zo ya koya mata. Malamar lissafi ta gane, don duk hanyar aikin daidai ce, amsar ƙarshe kawai take ɓatawa. Da ta yi mata nasiha, sai yarinya ta je ta rubuta a littafin nan cewa malamar tana sayar da ƙwaya. Iyaye, in sakamakon 'yarku ya faɗi farat ɗaya, kada ku tsaya a kan "ta daƙiƙe" ko "an yi mata baki". Wani lokaci kai yana nan ƙalau, ƙawaye ne suka nuna mata cewa ƙoƙari ƙauyanci ne.

Da Regina ta gano makircin, sai ta rubuta zagin kanta a littafin, ta kai wa shugaban makaranta kamar ita ma an zalunce ta, sannan ta buga kofe-kofe ta watsa. Makaranta ta kaure da dambe. Aka tara 'yan matan a zaure, malamar nan ta ce kowa ta rufe ido, wadda aka taɓa yin gulmarta ta ɗaga hannu. Duk suka ɗaga. Ta ce to wadda ta taɓa yin gulmar ƙawarta. Nan ma duk suka ɗaga. Wannan wurin bai wuce 'yan mintoci ba, amma wallahi ya isa wa'azi. Malamanmu za su tuna mana cewa izgili da jifan juna da munanan laƙabi da giba duk Suratul Hujurat ta hana su. Yau kuma littafin nan ba takarda ba ne, yana cikin wayar da muka saya musu, kuma ba ya buƙatar injin kofe.

Sauran labarin gajere ne. Mota ta buge Regina ta ji rauni a baya, 'yan sanda suka binciki malamar, Cady ta fito ta amsa laifi. Aka sa ta shiga gasar lissafi ta jiha, ta ciwo wa makarantarsu nasara, da aka naɗa ta sarauniyar biki kuma ta kakkarya kambin ta rarraba wa sauran.

Akwai iyaye iri biyu a ciki da ya kamata mu duba. Uwar Regina ta mai da kanta ƙawar 'yarta, ba ta hani ba ta tsawa, har ɗakinta na uwargida 'yar ta ƙwace. Iyayen Cady kuwa mutanen kirki ne, amma baƙi ne a rayuwar makarantar, ba su san abin da ke gudana ba sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Mu a nan Kurmi mun fi kama da na biyun. Maigida yana kara ko kasuwar goro tun asuba, uwargida ba ta jin harshen malamai, takardar gayyatar taron iyaye da malamai kuwa tana zuwa da Turanci ta ƙare a ƙunshin ƙosai.

Hukuncinmu shi ne, fim ɗin ba na yara ƙanana ba ne. Akwai shigar da ba ta dace ba, da shan giya a biki, da maganganun batsa. Masu tace fina-finai a Amurka ma sun yi gargaɗi a kansa game da yaran da ba su kai shekara 13 ba. Ba mu ce a nemo shi a kawo gida ba. Amma wadda ta riga ta gani, ƙwace waya ba zai goge shi daga kanta ba. Gara uwa ko yaya ta zauna da ita ta tambaye ta wace ce Reginar ajinsu, ita kuma a wane teburi take.

Muna kuma roƙon iyayen nan biyu da suka ce za su cire 'ya'yansu daga makaranta saboda wannan magana, don Allah su dakata har mu zo gida mu tattauna. Kwamiti ya ware mutum huɗu, maza biyu mata biyu, masu jin Yarabanci da Turanci, waɗanda za su raka duk mai bukata zuwa taron iyaye da malamai na wannan zango. Mai so ya ba magatakarda sunansa da sunan makarantar kafin a tashi.