Shanyar Tumatir Ɓata Lokaci Ce?

Na ji waɗansunku suna cewa shanyar tumatir wahala ce kawai, gara a kai kasuwa a huta. To, mu yi lissafi, tun da yanzu kun iya.

Da hunturu tumatir ɗin fadama yakan nuna gaba ɗaya. Kowa ya kai nasa, sai mai saye ya yanka kuɗin da ya ga dama. Wanda ya yi kwantai, kwana kaɗan ya ruɓe. Da damina kuwa sai a neme shi da tsada.

Aikin nawa ne? Yanka kwando guda bai kai yini ba, in maza suka kama wa matansu. Sauran aikin na rana da iska ne, kamar mako guda. A raba kowane biyu, a shanya a tabarma mai tsabta bisa rumfa. Kada a baza a bakin hanya inda awaki ke bi, don yashi zai bi shi har cikin miya.

Kwandon zai koma ɗan kaɗan. Kada ku damu, ruwa ne ya fita. In kauɗar ta bushe sarai, a zuba a tulu a toshe bakinsa, domin laimar damina ita ke sa ta fumfuna.