Sanƙarau a Ƙasar Damagaram: Wa Zai Binciko Mana Asalinsa?

  

Zancena na yau a kan sanƙarau ne, ciwon da mu ƴan Matameye ba sai an kwatanta mana shi ba. Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Dungas ce ta fi yawan masu ciwo, gundumar lafiya ta Matameye na bi mata. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

To, yaya ciwon nan yake farawa? Ƙwayarsa tana zama cikin hanci da maƙogwaron mutum lafiyayye, yana yawo da ita bai ma sani ba. Idan hunturu ya shigo, ƙura da busasshiyar iska suka raunana fatar cikin hanci, sai ƙwayar ta samu hanya ta faɗa cikin jini, ta kai ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Daga nan sai zazzaɓi, ciwon kai, wuya ya sanƙare. Amma me ya sa wani ke ɗauke da ita lafiya lau, maƙwabcinsa kuma ta kwantar da shi cikin kwana ɗaya? Masana suna kan wannan tambaya har gobe.

Ku dubi abin da bincike ya riga ya yi mana. A 1996 sanƙarau ya kashe mutum wajen 25,000 a Afirka, akasari nau'in da ake kira A. A 2010 aka fara rigakafin MenAfriVac a Nijar da Mali da Burkina Faso, nau'in A ya kusan ɓacewa. Ana cikin murna, a 2013 wani sabon iri na nau'in C ya ɓulla wajen Sakkwato. A 2015 ya kama mutum fiye da 8,000 a Nijar. Da masana suka bi asalinsa, sai suka tarar ƙwaya ce ta maƙogwaro wadda a da ba ta cika cutarwa ba, ta samu sabuwar riga mai kare ta daga garkuwar jiki. Shi ne kuma ya fi yawa cikin waɗanda aka gwada a Damagaram a 2023. Kun gani, ƙwayar tana sauya kama, kuma a nan kusa da mu take yi.

Saboda haka dole masu bin sawunta su kasance a nan. Babban ɗakin gwajin sanƙarau na ƙasarmu yana cibiyar CERMES a Yamai, kusan kilomita 900 daga Damagaram. Alhamdu lillahi, tun 2010 muna da jami'a a Damagaram, wadda yanzu ake kira Jami'ar André Salifou, tana da sashen koyon aikin likita, ga kuma babban asibitin ƙasa a garin. Abin da muke fata shi ne jami'ar ta yi ƙarfi wajen bincike: ɗakin gwaji mai kayan aiki, wutar da ba ta yankewa don kada samfur ya lalace cikin firiza, malamai masu lokacin nazari, da kwamitin da ke kare haƙƙin marar lafiya. Kada ku raina na ƙarshen nan. A Kano, lokacin annobar 1996, wani kamfanin Amurka ya gwada magani kan yara wajen 200, rigimar ta kai kotu shekara da shekaru, mutane da yawa suka ƙara tsoron rigakafi. Idan mai binciken ɗan gida ne, mai tsoron Allah, mai jin harshenmu, ya fi sauƙi uwa ta tambaye shi ta gane kafin ta yarda.

Ina namu aiki? Imam Gazali, cikin Ihya'u, ya sa ilimin likitanci cikin farilla ta kifaya: in babu mai yi a gari, laifin na kowa ne. Ku da ke lise, kada ku guji seri C da D don tsoron lissafi. Bayan bak, wasu su nemi likitanci, wasu aikin ɗakin gwaji, wasu ilimin ƙididdiga. Ƴan mata, da ku nake musamman, don akwai tambayar da mace ba za ta amsa ba sai ga ƴar uwarta mace. Ƙungiyarmu kuma ta ware wani abu cikin asusunta, ko littafi ko kuɗin mota, ga ɗalibinmu da ya tafi jami'a. Kafin nan, duk wanda ya ga yaro da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, a kai shi likita nan take, kada a jira gari ya waye.

Allah ya kare mu da zuriyarmu, ya ba mu ilimi mai amfani.