Yadda Gizo ya koya wa ɗiyata riƙon alƙalami

Bara ɗiyata mai shekara 5 ta fara rubutu a makarantar allo nan Wurno. Alƙalami sai zamewa yake daga hannunta, ta yi ta kuka. Malam ya ce yatsun ne ba su yi ƙwari ba tukuna.

To, in na gama mata tatsuniya, sai in zana Gizo da Ƙoƙi a bayan kwali, in ba ta guntun fensirin kala ta cike. Guntu fa, don shi ke tilasta mata kamawa da yatsu uku. Gizon nawa kamar kwaɗo yake fitowa, ita ba ruwanta. Ƙanwata a Goronyo ma gawayi take ba nata yaran.

Yanzu tana jan baƙaƙenta, wawu ne kawai ke ba ta wahala.