Ɗaurin Miki Ga Fatar Da Ba Ta Jure Filasta

Batun da za mu duba a filinmu na kiwon lafiya na wannan mako ya samo asali ne daga wasiƙar da wani magidanci ya aiko mana daga Garwa, a arewacin Kamaru. Ya ce Allah ya ba shi ƙaruwar 'ya mace, amma tun ranar da ta faɗo aka ga ƙafafunta a saluɓe kamar an zuba mata tafasasshen ruwa. Da aka kai ta asibiti sai aka manna mata filasta a hannu don riƙe allurar ƙarin ruwa, ranar da aka zo cirewa kuwa filastar ta taho da fatar gaba ɗaya. Yanzu ko'ina aka riƙe ta da ɗan ƙarfi sai wurin ya yi bororo. Wani likita ya rubuta masa sunan cutar a takarda, shi kuma ya kwafo mana, sa'an nan ya rufe da tambaya guda: da me za su riƙa ɗaure mata?

Sunan da likitan ya rubuta shi ne epidermolysis bullosa, a taƙaice EB, kuma wani likitan fata Bajamushe, Heinrich Koebner, shi ne ya raɗa mata shi a 1886. Don a fahimci yadda take, sai mu ɗauki fatar mutum kamar riga mai shafi, watau ƙyalle biyu da aka haɗa da ɗinki. Akwai fatar sama, akwai ta ƙasa, a tsakaninsu kuma akwai waɗansu zarurruka ƙanana da ido ba ya gani, su ne ke riƙe da su. Wanda aka haifa da wannan cuta, zaren ɗinkin nasa ko dai ba shi da ƙarfi ko kuwa babu shi sam. Saboda haka da an ɗan goge shi sai fatar sama ta zame daga ta ƙasa, ruwa ya taru a tsakani. A ƙasashen Turai akan kira irin waɗannan yara da sunan malam-buɗe-littafi, don fatarsu ta yi kama da fiffikensa wajen rashin ƙwari. Likitoci sun kasa cutar kashi huɗu bisa ga zurfin inda fatar ke rabuwa. Wadda ta fi yawa ita ce ta sama-sama, wadda sau da yawa takan tsaya a tafin hannu da tafin ƙafa. Masu zurfin su ne ke barin tabo, su kama baki da maƙogwaro, wata ma takan ɗauki ran jariri.

Ba a ɗaukar wannan cuta ta wurin taɓawa, ba kuma wani abu ne uwa ta ci da ciki ba. Gadonta ake yi. Mafi tsananinta yawanci sai uwa da uba duka suna ɗauke da irin a ɓoye, su kansu lafiya lau, kuma a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu ɗan ya fito da ita. Wannan ne ya sa aka fi ganin irin mai tsanani a inda auren zumunci ya yawaita, kamar ƙasashen Larabawa da kuma namu. Na ambaci wannan ne domin a daina ɗora wa matar laifi ita kaɗai, ko a tafi neman wanda ya yi mata jifa.

To, mu koma kan tambayar mai wasiƙa. Da na je wurin wata ma'aikaciyar jinya a nan Landan, wadda ta daɗe tana kula da irin waɗannan yara, sai na tambaye ta wane bandeji ne ya fi kyau. Ta ce mini tun daga farko na ɗauko tambayar a bai-bai. Kowane abu, in ji ta, yana da sauƙin ɗorawa a kan miki, ranar cire shi ake sanin ko na kirki ne. Duk sauran bayanin da zan yi yana rataye ne a kan wannan magana tata.

Mu da muka tashi a gida mun saba da cewa miki sai ya sha iska, ya bushe, ya yi ɓawo, sa'an nan ya warke. Likitocin Turai ma haka suka ɗauka shekara da shekaru, har zuwa 1962, lokacin da wani masani a Ingila, George Winter, ya yi gwaji a kan fatar aladu. Ya rufe waɗansu raunuka da leda, ya bar waɗansu a buɗe, sai ya tarar sabuwar fata ta fi saurin rufe waɗanda aka bari da damshinsu, har kusan ninki biyu. Dalili kuwa shi ne, ƙwayoyin sabuwar fata rarrafe suke yi daga gefen miki zuwa tsakiya, in suka tarar da busasshen ɓawo sai sun yi ta haƙa ta ƙarƙashinsa. Ga yaro mai EB abin ya wuce batun sauri. Ƙyallen da ya bushe a kan mikinsa ya zama ɗaya da naman, in aka ɗaga shi an kwashe duk warkewar da jiki ya yi cikin kwana biyu, an kuma ƙara faɗin ciwon.

Saboda haka ɗaurin kan zama hawa uku. Hawan farko, wanda ke taɓa mikin, aikinsa ɗaya ne tak, kada ya manne. Mafi daɗewa a wannan fanni shi ne yadi mai raga-raga da aka jiƙa da man basilin. Wanda ya fito da shi a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya shi ne Auguste Lumière, Bafaranshen nan da shi da ƙanensa suka yi suna wajen ƙago majigi. Har yau ana sayar da irinsa, yana da araha, amma yana da illa. In ya kwana biyu man yakan bushe, sabon nama kuma ya tsiro ta cikin ramukan ragar ya riƙe ta. Abin da ya fi shi shi ne ragar da aka shafe da silikon mai laushi, kamar Mepitel da kamfanin Mölnlycke na Suwidin ke yi, ko Urgotul ta Faransa, wadda aka yi da wani haɗin mai daban. Waɗannan sukan kwanta a jiki ba tare da sun kama shi ba. Duk da haka akwai yaran da fatarsu ta yi rauni har silikon ma yakan ja ta, don haka ake fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri.

Hawa na biyu shi ne mai tsotse ruwan mikin da kare shi daga bugu, yawanci wani soso ne mai laushi kamar Mepilex. Na uku shi ne mai riƙe su duka, watau bandeji mai taushi ko wanda aka saƙa kamar safa, a zura hannu ko ƙafa a ciki. A nan ne dokar da ba ta da togaciya take: filasta ba ta taɓa fata. In dole ne a manna, to, a manna bandeji a kan bandeji. Kada kuma a ɗaure da ƙarfi, gama gefen bandejin kansa yakan goge fata ya tayar da sabon bororo.

Na san mai saurare a Garwa ko Abeche ko Zangon Kumasi zai ce, duk wannan daɗin baki ne, ina za mu sami waɗannan kaya, in ma an samu wa ke da kuɗinsu? Gaskiya ne, suna da tsada ƙwarai, yaro mai ciwo a duk jiki kuwa yakan cinye kwali-kwali a wata. To, ga abin da za a iya yi. A sami tsohon farin ƙyalle na auduga wanda ya sha wanki ya yi laushi, a yanka, a tafasa, a shanya a wuri mai tsabta, a goge da dutsen guga. A shafe shi da basilin sosai, har ya yi kauri, kana a ɗora, a kuma canja shi kullum tun bai bushe ba. Ledar nan shara-shara da ake naɗe abinci da ita ma takan yi amfani na ɗan lokaci, misali a hanyar zuwa asibiti, domin ba ta manne wa miki, sai dai tana riƙe zafi, don haka ba a daɗewa da ita. Auduga kaɗa kuwa kada ta kusanci buɗaɗɗen miki, zarurrukanta sukan maƙale a ciki. Haka nan toka da garin magani da man goge baki, da duk abin da ke sa miki ya ƙafe.

Akwai wani abu da zai ba mutane mamaki. An saba gaya mana kada a fasa bororon ƙuna. A wannan cuta akasin haka ake yi, domin bororon ba ya tsayawa da kansa. Nauyin ruwan da ke ciki yana ta ɓamɓare fata ta gefe, wanda ya fara kamar ƙwayar wake da safe yana iya kai faɗin tafin hannu kafin dare. Sai a wanke hannu, a ɗauki sabuwar allurar asibiti wadda ba a taɓa amfani da ita ba, a huda ta gefen ƙasa, a bi da ita kwance ta fita ta ɗaya gefen, a matse ruwan a hankali da ƙyalle mai laushi. Fatar da ke bisa a bar ta ta kwanta, ita ce murfin da ya fi kowane bandeji. Ga masu irin ta sama-sama, akan barbaɗa sitacin masara a wurin don ya shanye damshi ya rage gogayya. Su waɗannan ma, zafi da gumi ke tayar musu da ciwon, saboda haka a bazarar Garwa ko ta Makka yawan naɗi yana iya ƙara musu bororo. Wani lokaci barin ƙafar ba ɗauri, cikin safa mai laushi da aka juya ɗinkinta waje, ya fi.

Ranar canjin ɗauri ita ce ranar wuya, a gidan da ciwon ya yi tsanani takan ci awa biyu ko uku, ko fiye. Abin da ke rage azabar shi ne shiri. A ba yaro maganin rage zafi da likita ya rubuta kamar rabin awa kafin a fara. A yanka dukan ƙyallayen a jera su tun ba a kwance kome ba. A riƙa yin gaɓa ɗaya-ɗaya, domin jaririn da aka tuɓe wa ƙafa biyu zai yi ta shure-shure yana goge ɗaya da ɗaya. Abin da ya manne kada a ja shi, a jiƙa shi har ya saki don kansa. Ruwan wankan kuma a sa masa gishiri, giram 9 a kowace lita, watau kamar cokalin shayi ɗaya da rabi. Wannan ne gwargwadon gishirin da ke cikin ruwan jikin mutum, shi ya sa ba ya yin zafi kamar tsuran ruwa. In ciwon irin mai barin tabo ne, yatsu sukan haɗe da juna in suka warke a manne, har hannu ya dunƙule, don haka ake ratsa ɗan ƙyalle mai mai a tsakaninsu. Wajen ɗaukar jaririn ma ba a kama shi ta hammata. A mirgina shi, a sa hannu ɗaya ƙarƙashin ɗuwawu, ɗaya ƙarƙashin wuya da kai, ko a ɗauke shi a kan matashi.

In miki ya fara wari, ko mugunya ta ƙaru, ko gefensa ya yi ja ya kumbura, ko yaro ya yi zazzaɓi, aikin ya wuce na gida. Kada a mai da man kashe ƙwayoyin cuta abin shafawa na kullum, ƙwayoyin sukan saba da shi ya daina yi musu kome. Masu sinadarin azurfa ma ba a sa wa jarirai sai da izinin likita. Ga manya masu irin mai zurfi, mikin da ya ƙi warkewa wata da watanni ko ya canja kama, lalle a nuna shi, domin sankarar fata takan fito a irin wurin.

Yawancin waɗannan dabaru iyaye da ma'aikatan jinya ne suka tara su. A 1978 wata uwa a Ingila, Phyllis Hilton, ta kafa ƙungiyar DEBRA, mai sunan 'yarta da ke da cutar, yanzu kuma tana da rassa a ƙasashe da yawa. Masana ma ba su zauna ba. A 2015, a garin Bochum na Jamus, an ceci wani yaro ɗan Siriya mai shekara bakwai da fatar da aka gyara wa ƙwayoyin gado, aka rena ta a ɗakin bincike na Michele De Luca a Modena ta Italiya, aka rufe kusan kashi 80 cikin ɗari na jikinsa da ita. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Vyjuvek, wani magani da ake ɗigawa a kan miki ya kai wa fata ƙwayar gadon da ta rasa. Sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin gwamnatoci, balle magidanci, kuma wanda aka ɗiga wa ma sai an ɗaure masa mikin daga baya.

Kafin in rufe, masu jinyar tsofaffi su ma su lura, domin fatar tsoho takan yi shara-shara ta yage da filasta kamar ta waɗannan yara, kuma ɗauri iri ɗaya ya dace da ita. Shi kuma mai wasiƙarmu na Garwa, ina ba shi shawara ya roƙi likitan nan ya rubuta masa ɗan kati da Faransanci, mai ɗauke da sunan cutar da gargaɗin kada a manna filasta, kada a goge fata da ƙarfi kafin allura, a kuma sa ƙyalle ƙarƙashin abin awon jini. Duk asibitin da za a kai yarinyar, a fara miƙa katin kafin a miƙa ta. Allah ya ba ta sauƙi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.