Amana Tsakanin Gandiroba da Fursuna

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa.



Yau da muka taru domin murnar zagayowar ranar da aka buɗe wannan masallaci namu na Ainu Shams, mun ga ya kamata mu tuna da waɗansu mutum biyu da ba safai akan ambace su a taro irin wannan ba, watau gandiroba da fursuna. A cikinmu akwai wanda ɗan'uwansa ke aikin gidan yari can gida. Akwai kuma wanda nasa ke tsare, wani saboda laifi, wani saboda bashi, wani kuwa takardar iƙama ce kurum ta ƙare masa. Saboda haka zancen namu ne.

Mu fara da gandiroba. A da, a ƙasar Hausa, kurkuku yana hannun Yari ne a ƙarƙashin En'e, har shekarar 1968 da Gwamnatin Tarayya ta karɓa. A 2019 aka sake wa hukumar suna, ta koma ta gyaran hali. Suna ya sake, amma hatsarin aikin yana nan. A 2010 'yan bindiga suka fasa kurkukun Bauchi, fursuna fiye da 700 suka fita. A watan Yuli na 2022 aka fasa na Kuje. Nan Masar ma, waɗanda ke nan a cikinmu a ƙarshen Janairun 2011 ba su manta da yadda aka fasa kurkukun Abu Za'abal da na Wadin Naɗrun da na Marj ba, har mutanen unguwa suka riƙa kwana a bakin titi suna gadin gidajensu. A irin wannan rana, wanda ke bakin ƙofa shi ne farkon wanda ransa ke cikin hatsari.

To, mene ne ke tsare mai tsaro? Katanga mai ƙarfi, da isassun ma'aikata, da albashi a kan kari, duk wajibi ne a kan hukuma, ba mu raina su ba. Amma akwai sa'ar da ba ɗayansu da zai yi amfani, ita ce sa'ad da mai tsaro ya faɗi, ba kowa kusa da shi sai waɗanda yake tsaro.

Haka ta faru a Amurka. A 2016, a garin Weatherford na jihar Texas, ciwon zuciya ya ka da wani mai gadi a gaban ɗakin da aka kulle fursunoni a ginin kotu. Ga makulli, ga bindiga a jikinsa. Fursunonin nan, da ankwa a jikinsu, suka ɓalle ƙofa, suka yi ta ihu suna bugun ƙofofi har aka zo, alhali sun san ana iya zaton gudu za su yi a harbe su. Aka ceto mutumin. A 2017 kuma, a gundumar Polk ta jihar Jojiya, fursuna shida suna aikin gyaran maƙabarta sai mai tsaronsu ya yanke jiki ya faɗi. Ba wanda ya gudu. Suka kwance masa rigar sulke don ya sami iska, suka ɗauki wayarsa suka kira masu agaji.

Kada mu ɗauka wannan hali baƙo ne a wurinmu. A yaƙin Ƙadisiyya, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya sa aka ɗaure Abu Mihjan da mari saboda shan giya. Da yaƙi ya tsananta, sai Abu Mihjan ya roƙi matar Sa'adu ta kwance shi, ya yi alkawari in ya tsira zai komo. Ya hau dokin Sa'adu, ya yi yaƙi irin na mazaje, sa'an nan ya komo ya mai da ƙafarsa cikin mari. Da Sa'adu ya ji labari ya sake shi, shi kuwa ya rantse ya bar giya har abada. Kuma a wannan ƙasa da muke zaune Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi shekaru a kurkuku ba da laifin kome ba, abokan zamansa suka shaide shi da kyautatawa.

Abin lura a nan shi ne, ɗauri ba ya kashe mutuncin mutum. Laifi guda ba shi ne dukan halinsa ba. Gandiroban da ya san haka, ya riƙe mutane da adalci, bai zage su ba, bai ci abincinsu ba, ya gina wa kansa wata katanga wadda ba a gani. Ba mu ce lalle ita za ta hana kowace masifa ba, gama akwai mugu ko'ina. Amma alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Saboda haka muna roƙon jama'ar wannan masallaci abu uku. Na ɗaya, wanda ke da ɗan'uwa gandiroba ya daina jin kunyar aikinsa, ya riƙa yi masa addu'a da nasiha. Na biyu, in namu ya shiga hannu, mu bi hanyar da dokar ƙasar nan ta yarda mu ziyarce shi, mu duba iyalinsa. Na uku, ranar da ya fito, mu matsa masa a sahu, kada mu bi shi da kallo.

Allah ya tsare masu tsaro, ya kuɓutar da waɗanda aka zalunta, ya shiryi masu laifi, ya raya wannan masallaci. Amin.